Yadda Ake Tayar da Tsofaffin Manhajojin Karatun Addini a Sabuwar Kwamfuta

Wani dattijon malami da ke koyarwa a wata islamiyya a Unguwar Rogo ya zo shagona da ke kusa da Taminus, nan Jos, da kwamfutoci biyu a jaka ɗaya. Ta farko tsohuwa ce tun zamanin Windows XP, fuskarta ta tsage, batirinta ya daɗe da mutuwa. Ta biyu sabuwa ce da ɗansa ya aiko masa daga Abuja, tana ɗauke da Windows 11. Ya ce, "Ɗana, waccan ta fi wannan ilimi. Na sa faifan hadisina a sabuwar, sai ta riƙa yi mini rubutun aljanu." Na ce, "Allah gafarta Malam, a nuna mini rubutun." Abin da na gani shi ne irin wannan: ÇáÍÏíË. Kalmar "al-hadis" ce da Larabci, kwamfutar ta karanta ta da idon Bature.

Kusan kullum da haka ake zuwa mini, kuma kafin a zo an riga an biya wani wuri an yi wa kwamfutar fomatin, wai ko za ta gyaru. Fomatin ba ya maganin wannan. Tsohuwar manhaja tana da cututtuka huɗu ko biyar sanannu, kowace da alamarta, kuma hanyar da nake bi ita ce a fara da magani mai sauƙi, kada a taɓa mai nauyi sai mai sauƙin ya gaza.

Manhajojin da nake magana a kansu su ne irin Maktaba Shamila ta uku, da Mausu'atul Hadis ta kamfanin Harf na Alƙahira mai ɗauke da littattafai tara, wato Buhari, Muslim, Abu Dawuda, Tirmizi, Nasa'i, Ibnu Majah, Muwaɗɗa Malik, Musnad Ahmad da Darimi, da faya-fayan cibiyar Turas ta Amman irin su Maktaba Alfiyya. Ɗaliban makarantun tauhidi na Kirista da ke Bukuru da cikin gari su ma suna kawo nasu, musamman BibleWorks da kamfaninta ya rufe a 2018, da PC Study Bible. Ciwon iri ɗaya ne, sai dai su haruffan Girkanci da Ibrananci ne ke watse musu.

Mataki na farko: ka kuɓutar da abin da ba ya sayuwa

Kafin ka taɓa sabuwar kwamfuta, koma kan tsohuwar. Littattafan da ke cikin Shamila ana iya sake samun yawancinsu. Amma ta'aliƙin da malami ya rubuta a ƙarƙashin hadisi shekara goma, da littattafan da ya shigar da hannunsa, da alamomin wuraren da ya tsaya a darasi, waɗannan idan sun tafi sun tafi.

Nemi filashi ko ma'adanar waje mai isasshen wuri, ka kwafi foldar manhajar gaba ɗayanta, kada ka tsaya zaɓe. Idan tsohuwar kwamfutar Windows Vista ce ko 7, akwai wani lungu da mutane ke mantawa. Danna maɓallin Windows haɗe da R, ka rubuta %LOCALAPPDATA%\VirtualStore. Tun daga Vista, Windows ba ta barin manhaja ta yi rubutu kai tsaye a cikin Program Files, sai ta karkatar da rubutun a ɓoye zuwa wannan folda. Sau da yawa ainihin ta'aliƙin mutum yana can, wanda ke cikin Program Files fanko ne. Kwafe ta ita ma. Sannan ka shiga C:\Windows\Fonts ka kwashi fayilolin haruffan Larabci, wato font, da ka ga ba na Windows ba ne, domin manhajar ce ta zo da su.

Idan tsohuwar ba ta tashi sam, a cire ma'adanarta a sa a ɗan akwatin da ake jona shi ta USB. Kowane mai gyara a Ahmadu Bello Way zai yi maka wannan.

Sai faifai. Sababbin kwamfutocin hannu ba su da wurin sa faifai, kuma faifan da ya shekara ashirin yana shan ƙurar hunturun Jos ba abin dogaro ba ne. Ari na'urar karanta faifai ta USB, ka goge faifan da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, ka yi amfani da manhajar ImgBurn ka mayar da shi fayil ɗin ISO. Tun daga Windows 8, idan ka danna ISO sau biyu kwamfuta za ta ɗauke shi tamkar an sa faifai. Wannan shi ke kashe bakin manhajojin da ke cewa sai an sa faifai kafin su buɗe.

Mataki na biyu: koya wa Windows karatun Larabci irin na da

Nan ne zan daɗe, domin yawancin waɗanda ke zuwa mini a nan matsalarsu take ƙarewa.

A da, kowane rukunin harsuna yana da nasa jadawalin haruffa, yawanci mai gurbi 256. Na Turawan Yamma lambarsa 1252, na Larabci 1256. Gurbin da ke ɗauke da alif a jadawalin Larabci shi ne ke ɗauke da Ç a na Turawa, gurbin lam kuma á. Tsohuwar manhaja lamba kawai take miƙa wa Windows, ita kuma Windows ta duba jadawalin da aka saita mata. Kwamfutocin da ake kawo mana, sababbi da tokumbo, kusan duk a kan 1252 suke. Shi ne rubutun aljanun Malam. Manhajojin yanzu suna aiki da tsarin Unicode da ya tattara haruffan duniya wuri ɗaya, shi ya sa Word da Facebook ke nuna Larabci lafiya a kwamfutar da Shamila ta uku ke nuna shirme.

Ga yadda za ka yi. Danna Windows da R, rubuta intl.cpl, danna Enter. A tagar da ta buɗe, shiga shafin Administrative, ka danna Change system locale. Zaɓi Arabic na Saudi Arabia ko na Egypt, duk jadawali ɗaya suke kaiwa. A ƙasa akwai ɗan akwati da aka rubuta Beta: Use Unicode UTF-8 for worldwide language support. Tabbatar babu alama a cikinsa. Sunansa yana ruɗar mutane, suna ganin kamar shi ne maganin, alhali idan aka kunna shi tsofaffin manhajojin Larabci ƙara lalacewa suke. Danna OK, ka bar kwamfutar ta mutu ta sake tashi.

Wannan ba zai mayar da Windows ɗinka Larabci ba. Komai zai zauna da Turanci yadda ka saba. Abin da kawai za ka iya gani shi ne wata manhaja can, wajen sakawa, ta gaishe ka da Larabci saboda ta zaci kana Riyad.

Abu mai muhimmanci: ka yi wannan saitin kafin ka saka manhajar. Idan ka riga ka saka ta alhali Windows na kan 1252, sunayen foldoji da fayiloli sun riga sun shiga a gurguje, kuma canza saiti daga baya ba zai miƙe su ba. Cire ta, ka share foldar da ta bari, ka sake sakawa.

Idan bayan wannan haruffan sun koma Larabci amma siffarsu ba daɗi, ko kana ganin ƙananan akwatuna a wurin ayoyi, haruffa ne suka ɓace. Tun Windows 10 aka cire Traditional Arabic da Simplified Arabic da 'yan'uwansu daga abin da ke zuwa kai tsaye, aka mayar da su kayan zaɓi. Shiga Settings, ka rubuta Optional features a wurin bincike, ka nemi Arabic Script Supplemental Fonts ka saka. Yana buƙatar intanet, amma ba ya cin data mai yawa. Sannan ka ɗauko haruffan da ka kwaso daga tsohuwar kwamfuta, ka danna kowanne da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Install for all users. Kada ka zaɓi Install kawai, domin wasu tsofaffin manhajoji ba sa ganin haruffan da aka saka wa mutum ɗaya.

Akwai wata dabara da ko masu gyara ba duka suka sani ba. Malami zai kwafi hadisi daga tsohuwar manhaja ya liƙa a Word domin huɗubar Juma'a, sai ya ga shirme ya dawo ko alamomin tambaya. Kafin ka kwafa, mayar da allon rubutu zuwa Larabci ta danna Windows da doguwar sandar tazara, ko Alt da Shift. Windows tana la'akari da harshen allon rubutu wajen fassara abin da aka kwafa daga irin waɗannan manhajoji. Da Larabci a kunne, hadisin zai sauka da kyau.

Mu Hausawa kuma muna da namu ƙarin ciwon. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, babu su a 1252, babu su a 1256. Duk wanda ya rubuta ta'aliƙi da boko a cikin tsohuwar manhaja zai ga sun koma alamar tambaya ko sun rasa lanƙwasarsu. Wannan ba ya gyaruwa da saiti. Ko ka rubuta k' da d' da b' irin na zamanin tafireta, ko ka ajiye bayanan Hausa a Word.

Mataki na uku: sakawa da lallashi

Kada ka bar manhajar ta sauka a Program Files, saboda dalilin da na faɗa a baya. Buɗe folda a gindin C, ka ba ta gajeren suna da haruffan boko, ba tazara, misali C:\Kutub. Idan mai sakawa ya tambayi inda za a ajiye, nuna masa nan.

Danna fayil ɗin setup da dama, shiga Properties, sai Compatibility. Sa alama a Run this program in compatibility mode for, ka zaɓi Windows XP Service Pack 3. Idan faifan na kafin 2000 ne, gwada Windows 98. Sa alama kuma a Run this program as an administrator. Bayan an gama sakawa, maimaita wannan saitin a kan ainihin fayil ɗin da ke buɗe manhajar. Mutane suna yi wa setup su manta da wannan.

Idan ta buɗe amma rubutun ya yi ƙanana kamar tururuwa, ko maɓallai sun hau juna, a wannan shafin dai ka danna Change high DPI settings, ka kunna Override high DPI scaling behavior, ka zaɓi System. Rubutun zai ɗan yi dishi-dishi amma zai karantu, kuma ga idon dattijo gara hakan. Wadda ta nace sai launi 256, akwai Reduced color mode a wurin.

Mataki na huɗu: karanta saƙon kuskure, kada ka rufe shi da sauri

Ka ɗauki hoton saƙon da wayarka. Shi ne ke gaya maka inda za ka nufa.

Idan ya ce Run-time error 339, ko ya ambaci fayil mai ƙarewa da ocx irin comdlg32.ocx, mscomctl.ocx ko richtx32.ocx, manhajar da Visual Basic 6 aka rubuta ta, kuma wani ɗan guntunta ne babu. Nemo fayil ɗin a C:\Windows\System32 na tsohuwar kwamfutar XP, ko a cikin faifan. Kada ka sauko da shi daga shafukan da ke tallar fayilolin dll kyauta, can ne ake kwaso bairos. A sabuwar kwamfuta ka ajiye shi a C:\Windows\SysWOW64. Sunan yana yaudara: duk da 64 da ke jikinsa, nan ne gidan fayilolin 32-bit. Sai ka buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta regsvr32 C:\Windows\SysWOW64\comdlg32.ocx, ka sauya sunan da na fayil ɗin da ake nema.

Idan ya nemi .NET Framework 2.0 ko 3.5, danna Windows da R, rubuta optionalfeatures, ka sa alama a .NET Framework 3.5. Ya haɗa da 2.0 da 3.0 a cikinsa. Manhajar Alƙur'ani ta Zekr Java take nema, ita kuwa Ayat ta Jami'ar Sarki Sa'ud, ta kwamfuta, a kan Adobe AIR aka gina ta, wanda yanzu kamfanin Harman ke kula da shi.

Idan ka danna neman taimako ta ƙi buɗewa, fayilolin hlp ne, Windows 10 da 11 ba sa karanta su. Ka haƙura da wannan, ba ya hana bincike.

Wanda ya fi tsanani shi ne This app can't run on your PC. Yawanci yana nufin manhajar, ko mai saka ta, 16-bit ce ta zamanin Windows 3.1 da 95. Windows mai 64-bit ba ta iya tafiyar da 16-bit ko kaɗan, kuma Windows 11, tun fitowarta a 2021, 64-bit kaɗai take zuwa. Duk saitin da za ka yi a Compatibility a banza ne. Hanya biyu ce. Sau da yawa mai sakawar ne kawai 16-bit, manhajar kanta 32-bit ce, don haka foldar da ka kwaso daga tsohuwar kwamfuta za ta iya tashi idan ka ajiye ta a C:\Kutub. Idan hakan ya ƙi, akwai manhaja kyauta mai suna OTVDM, ana kuma ce mata winevdm, tana kan GitHub. Ka sauko da ita, ka warware ta a folda, ka ja setup ɗin ka saki a kan otvdmw.exe. Tana tayar da da yawa. Amma manhajojin da suka dogara da Windows ta Larabci ta wancan zamani wajen haɗa haruffa da rubutu daga dama, su kan buɗe da haruffa a rarrabe. Irin waɗannan sai mataki na gaba.

Mataki na biyar: gina wa manhajar ɗakinta na da

Idan baƙo ya ƙi sabon gida, sai a gina masa irin ɗakin da ya saba a cikin gidan. VirtualBox, ta kamfanin Oracle, kyauta ce, kuma aikinta ke nan: kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske, mai ɗauke da Windows XP.

Fara duba Task Manager, shafin Performance, ƙarƙashin CPU, ka ga ko Virtualization na kan Enabled. In ba haka ba, shiga BIOS, wato saitin injin kwamfutar, lokacin tashi, yawanci da F2 ko F10, ka kunna Intel VT-x, ko SVM a injin AMD. Kana buƙatar faifan XP ko ISO ɗinsa da lambar lasisi.

A VirtualBox danna New, zaɓi Windows XP 32-bit, ba ta RAM megabait 512 zuwa gigabait 1, da ma'adana gigabait 10, ko fiye idan littattafan suna da yawa. Bar ma'adanar a kan IDE, domin XP ba ta san SATA ba sai da ƙarin direba. Nuna mata ISO ɗin, ka saka XP kamar yadda ake yi a da. Idan ta tashi, shiga Devices ka danna Insert Guest Additions CD image ka saka, shi zai sa fuska ta buɗe sosai, linzami ya riƙa shiga da fita ba tare da maƙalewa ba.

Ita ma XP sai an koya mata Larabci. A Control Panel buɗe Regional and Language Options. A shafin Languages sa alama a Install files for complex script and right-to-left languages, za ta nemi faifan XP. Bayan ta sake tashi, koma shafin Advanced ka zaɓi Arabic. Sai yanzu za ka saka manhajar.

Abu biyu kada ka tsallake. A Settings na kwamfutar ƙaryar, shiga Network ka cire alamar Enable Network Adapter. Microsoft ta daina kula da tsaron XP tun Afrilun 2014, barin ta a intanet kamar kwana da ƙofa a buɗe ne a bakin kasuwa. Fayiloli su riƙa wucewa ta Shared Folders, kwafi da liƙawa kuma ta Shared Clipboard a kan Bidirectional. Na biyu, da zarar komai ya daidaita, ɗauki Snapshot, wato ka adana halin da kwamfutar ƙaryar take ciki a lokacin. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakar aiki ko jika ya yi ɓarna, danna ɗaya zai mayar da komai yadda yake. Sai dai ka tuna komawa Snapshot yana share duk abin da aka rubuta bayansa, don haka ta'aliƙi ya riƙa fita zuwa foldar da aka raba.

Masu Linux su gwada Wine, mai tayar da manhajojin Windows a Linux, su buɗe manhajar da LANG=ar_SA.UTF-8 a gaban umarnin, su ƙara jet40 da vb6run ta winetricks, domin fayilolin bok na Shamila a ciki rumbun bayanan Access ne. Masu Mac mai injin M1 zuwa sama, UTM za ta iya kwaikwayon injin Intel ta tayar da XP, a hankali dai.

Wa ya kamata ya sha wannan wahala?

Ɗalibin da ke neman hadisi kawai, ni ba na ba shi shawarar VirtualBox. Shamila tana da sabon zubi na huɗu da ke tafiya a Windows 10 da 11 ba tare da canza jadawali ba, akwai shafinta a intanet, akwai shafin Dorar domin duba hukuncin hadisi, kuma shafukan biyu suna buɗewa a waya. Wanda ya cancanci wahalar shi ne mai ta'aliƙi, ko mai rubuta kundi a jami'a da ya riga ya jingina ɗaruruwan lambobin juzu'i da shafi ga wani bugu da ke cikin tsohuwar manhaja. A Shamila za ka ga an rubuta cewa lambobin littafi sun dace da bugaggen, to amma wane bugu? Idan sabon zubi ya ɗauki wani bugun daban, duk lambobinka sun goce, mai duba kundi kuma ba zai ji wannan uzurin ba.

Malamin Unguwar Rogo a mataki na biyu Shamilarsa ta miƙe. Faifan hadisin ne ya kai mu har VirtualBox. Da muka gama, na shiga File na danna Export Appliance, na fitar da kwamfutar ƙaryar gaba ɗaya a fayil ɗaya mai ƙarewa da ova, wanda za a iya shigar da shi kowace kwamfuta ta Import Appliance ba tare da an sake komai daga farko ba. Na sa shi a filashi tare da ISO ɗin faifan da foldar haruffa, na ce ya ajiye a cikin akwatin littattafansa, kwafi na biyu kuma a aika wa ɗan nasa a Abuja. Ya karɓi filashin ya juya shi, ya ce in ba shi biro ya rubuta sunan a jiki da ajami, kada yara su ɗauka su zuba waƙoƙi.